Tafintan Kwamfuta da Masu Yi Masa Faci: Yadda Ake Gyaran Kurakurai a GCC

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, lokacin da muke fama da bishiyar li'irabi a darasin ginin jimla, na tarar da abokin zamana a ɗakin kwana yana zana irin wannan bishiya a takarda. Shi kimiyyar kwamfuta yake karantawa, saboda haka na zaci littafina ya ara. Da na leƙa sai na ga babu yankin suna, babu yankin aiki, sai alamomin lissafi a kan rassa. Ya ce mini darasinsu ne a kan wata manhaja da ake kira kompaila, wadda aikinta fassara ne. Ni da na koyi Hausa da girmana, kuma na sha yin kuskuren fassara a gaban jama'a, tambayar farko da ta zo mini ita ce: idan wannan tafinta ya yi kuskure, wa yake kama shi, kuma wa yake gyarawa?

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Za ta ɗauki misalanta daga GCC, ɗaya daga cikin manyan tafintocin kwamfuta da ake amfani da su a duniya, tare da waiwayar takwaransa LLVM a inda ya dace. Daga nan zan riƙa kiran kompaila da sunan tafinta, domin shi ya fi kusa da abin da yake yi.

Mene ne aikin tafintan?

Kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai harshen inji, wato jerin sifili da ɗaya. Mutane kuwa suna rubuta manhaja da harsunan da aka ƙirƙira domin hakan, kamar C da C++ da Fortran. Tafinta shi ne mai tsayawa a tsakani. Alal misali, a ce mutum ya rubuta wannan layi:

jimla = kuɗi + riba * 2;

Da farko tafintan zai yanka layin kalma-kalma, ya gane cewa wannan suna ne, wannan alama ce, wannan lamba ce. Daga nan sai ya gina bishiya, inda zai nuna cewa ninkawa ta riga tarawa, wato a ninka riba sau biyu kafin a haɗa ta da kuɗi. Sannan ya duba ma'ana: shin an gabatar da waɗannan sunaye tun farko, kuma abubuwa ne da za a iya tarawa? Ɗalibin harshe zai ga cewa gidansu aka shigo. Ba kuma haɗuwa ce ta sa'a ba. A shekarar 1956 Noam Chomsky ya rarraba nau'o'in nahawu, kuma tsarin da John Backus da Peter Naur suka bi wajen bayyana nahawun harshen ALGOL 60 ya yi daidai da ɗaya daga cikin nau'o'in nan.

Bayan waɗannan matakai akwai wanda mu ba mu da irinsa sosai, wato tacewa. A nan ne tafintan yake sake tsara maganar domin inji ya yi sauri: ya jefar da abin da yake ganin ba shi da amfani, ya haɗe abin da aka maimaita, ya sauya jerin wasu ayyuka. Sharaɗin shi ne kada ma'ana ta canza. Mai karatu ya riƙe wannan mataki a zuciyarsa, domin kurakuran da suka fi wuyar kamawa a nan suka fi ɓuya.

Har ila yau, tafintan ba ya aiki shi kaɗai. Akwai asembula, mai mayar da abin da ya fitar zuwa ainihin lambobin inji. Akwai mai haɗawa, wanda ke ɗinke guntayen su zama manhaja guda. Akwai kuma taskar ƙananan ayyukan da kowace manhaja ke ara, irin su bugo rubutu a allo. Duk waɗannan jerin kayan aiki ne guda, kuma matsalar ɗaya takan bayyana a jikin ɗayan.

Abin da ya sa aikin ba ya ƙarewa

Richard Stallman ne ya fitar da GCC a watan Maris na 1987, a matsayin tafintan harshen C wanda kowa ke da damar karanta rubutunsa ya kuma gyara. A 1997 wasu masu aikin suka gaji da jinkirin karɓar gyare-gyarensu, suka ɓalle suka kafa nasu reshen mai suna EGCS. Reshen ya yi ƙarfi har a 1999 aka mayar da shi ya zama shi ne GCC na asali. Wato ko a tarihinsa, rigimar da ta fi girma a kan gyara aka yi ta. LLVM kuwa an fara shi ne a shekarar 2000 a Jami'ar Illinois ta Amurka, a hannun Chris Lattner da Vikram Adve, kuma tafintansa na harshen C mai suna Clang ya fito a 2007.

Mutum zai iya cewa manhajar da ta haura shekara talatin ai ta isa a ce an gama ta. Ba a gama ba, saboda ƙasar da take tsaye a kai ba ta daina motsi ba. Harsunan da take fassarawa suna canzawa: dokokin harshen C na 1989 an sabunta su a 1999 da 2011, an kuma ci gaba da yi bayan nan, C++ kuwa tun daga 2011 duk shekara uku ake sabunta shi. Injinan da ake fassara wa su ma sababbi suna fitowa. Alal misali a bugu na 7 na GCC, a 2017, aka shigar da injinan RISC-V. Ga shi rubutun GCC kansa miliyoyin layuka ne, waɗanda ɗaruruwan mutane suka rubuta a lokuta daban-daban, wasunsu sun daɗe da barin aikin. Duk sabon abin da aka sa yana iya taɓa tsohon da babu mai tuna dalilinsa.

Ire-iren kurakurai

Turawa suna kiran kuskuren manhaja da kalmar da ke nufin ƙwaro. GCC yana da rajistar da ake shigar da rahoton irin waɗannan ƙwari, a wata manhaja mai suna Bugzilla, kuma kowane rahoto yana da lambarsa. A 2021 lambobin suka haura 100,000, ko da yake ba duka ne kurakurai na gaskiya ba. Akwai maimaici, akwai roƙon a ƙara wani abu, akwai kuma wanda mai rahoton ne bai fahimta ba.

Idan muka kwatanta da tafinta a kotu, abin zai fito fili. Wani lokaci tafintan yakan daburce ya tsaya cak a tsakiyar magana. Wannan abin kunya ne, amma kowa ya gani, kuma GCC da kansa yakan rubuto cewa ya samu matsala a cikinsa, a kai rahoto. Wani lokaci yakan ƙi karɓar jimla mai kyau ya ce ba daidai ba ce, ko ya karɓi gurguwar jimla bai ce komai ba. Waɗannan ma da sauƙi.

Wanda ya fi muni shi ne tafinta ya yi magana tiryan-tiryan, fuskarsa a sake, amma shaida ya ce "bai biya ba" shi kuma ya ce "ya biya". Babu wanda zai tsayar da shi, domin duk wanda ke jin harsunan biyu da ba ya buƙatarsa. Haka yake a kwamfuta. Mai rubuta manhaja ya rubuta daidai, tafintan ya karɓa babu ƙorafi, manhajar ta tashi, amma a wani lungu tana ba da amsar da ba ita ba. Mutumin zai kwana yana bincika nasa rubutun, saboda abu na ƙarshe da zai zarga shi ne tafinta, kuma yawanci yana da gaskiya da bai zarge shi ba. Idan aka tuna cewa da GCC ake fassara zuciyar tsarin Linux, wanda ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin intanet, za a ga nisan da kuskure guda zai iya kaiwa.

To yaya ake farautar abin da ba ya kuka? Wasu masu bincike a Jami'ar Utah, cikinsu har da John Regehr, sun ƙera wata manhaja mai suna Csmith. Aikinta shi ne ta ƙirƙiro rubutun C barkatai, marasa amfanin komai amma masu bin doka sak, waɗanda kowannensu amsa ɗaya tak yake da ita. Sai a bai wa tafintoci da dama rubutu guda. Idan uku suka ba da amsa ɗaya, na huɗu ya ba da wata, an san inda za a duba. A rahoton da suka fitar a 2011 sun ce sun kai ƙarar kurakurai fiye da 325 cikin shekara uku, 79 a GCC, 202 a LLVM. A ganina dabarar ta cancanci malaman fassara su ara: a bai wa ɗalibai huɗu wasiƙa ɗaya, a duba inda suka saɓa.

Akwai abu guda a wannan bincike da ya ja hankalina. Sun gwada wani tafinta mai suna CompCert, wanda Xavier Leroy da abokan aikinsa suka gina a Faransa, suka kuma kafa hujjar lissafi cewa babban sashensa ba ya canza ma'ana. Csmith bai samu kuskuren fassara a sashen da aka kafa wa hujja ba. Waɗanda ya samu suna wuraren da hujjar ba ta kai ba. Sai dai CompCert harshe ɗaya yake ji, injinan da yake yi wa aiki kuma ba su da yawa. GCC da ke ɗauke da harsuna da injina masu yawa bai da wannan gata, dole ya dogara da gwaji da gyara.

Daga rahoto zuwa faci

Rahoto yakan iso ne da ƙaton rubutu, wani lokaci layi dubu goma ko fiye, tare da bayanin cewa wani abu ba ya tafiya daidai. Babu mai iya aiki da wannan. Matakin farko shi ne ragewa: a cire wani yanki a gwada, idan kuskuren yana nan a ci gaba da cirewa, idan ya ɓace a mayar da abin da aka cire. Haka za a yi ta yi har a kai ga layi goma ko ashirin waɗanda idan aka taɓa ko ɗaya kuskuren zai ɓace. Mutanen Utah ɗin nan sun fitar da manhajar da ke yin wannan da kanta a 2012, mai suna C-Reduce. Wannan ya tuna mini da zubin kamantau a darasin tsarin sauti. Ba ma tabbatar da cewa /b/ da /ɓ/ ƙwayoyin sauti ne daban ta hanyar sauraron dogon jawabi. Mukan ajiye "bari" kusa da "ɓari", inda komai ɗaya ne sai abu guda, sai bambancin ya tona kansa.

Mataki na biyu shi ne gano ranar da ɓarnar ta shigo. Kowane canji da aka taɓa yi wa GCC yana ajiye a jere, da sunan wanda ya yi da dalilinsa. Tun watan Janairu na 2020 a manhajar Git ake ajiye su. Idan bugun bara yana fassara daidai, na bana kuma ba ya yi, to mai laifin yana cikin canje-canjen da ke tsakani. A ce guda 1,000 ne. Ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai a gwada na tsakiya: idan lafiya lau ne, laifin yana gaba, idan ba lafiya ba, yana baya. A sake raba rabin biyu, a sake. Cikin gwaji kamar 10 an kama shi. Irin wannan kuskure, na abin da da yake aiki yanzu ya daina, shi ake kira koma-baya, kuma shi masu kula da GCC suka fi ɗauka da zafi, domin ya karya alkawarin da aka yi wa mai amfani.

Daga nan sai a rubuta gyaran, wanda a Turance ma sunansa faci, kamar na taya. Sau da yawa facin layi biyu ne ko uku, bayan an kwashe kwanaki ana nema. Kuma wanda ya rubuta ba shi ke da ikon cewa ya yi ba, sai idan shi ne mai kula da sashen. Yakan aika wa sauran masu aikin, mai kula da wannan sashe ya karanta, ya amince ko ya mayar masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke biyo baya. Ɗan guntun rubutun nan da aka rage ba a jefar da shi. Ana shigar da shi cikin taskar gwaje-gwaje, galibi da lambar rahoton a matsayin sunansa, kuma daga ranar duk wanda zai yi wani canji sai tafintan ya sake cin wannan jarrabawa tare da dubban irinta. Wato kowane kuskure da aka taɓa kamawa ya zama mai gadi. Da ni ma na riƙe littafin da nake rubuta duk inda na taɓa sa "ta" a wurin "ya", ina bitarsa kafin kowace jarrabawa, da malaminmu na nahawu ya huta da jan biro.

Akwai kuma wata jarrabawa da tafinta kaɗai ke iya yi. GCC manhaja ce, ita ma sai an fassara ta. Saboda haka akan sa wani tafinta ya fassara rubutun GCC, a samu na farko; na farko ya fassara rubutun kansa, a samu na biyu; na biyu ya sake, a samu na uku. Sai a gwada na biyu da na uku. Tun da rubutu ɗaya ne, dole su zama iri ɗaya, idan kuwa suka bambanta to akwai matsala.

Duk wannan yana tafiya ne bisa kalanda. GCC yana fitar da babban bugu sau ɗaya a shekara, wajen Afrilu ko Mayu, LLVM kuwa duk wata shida. A GCC, bayan fitowar bugu akan buɗe mataki na 1, lokacin shigar da sababbin abubuwa. Wajen Nuwamba sai a shiga mataki na 3, na gyara zalla, sannan a farkon shekara mataki na 4, inda koma-baya kawai ake taɓawa. Ba kuskuren ɗab'i ba ne: mataki na 2 an daɗe da soke shi, amma lambobin suka zauna yadda suke. Ana bai wa koma-baya daraja daga P1 zuwa P5, kuma ba a fitar da bugu sai na P1 sun ƙare. Tsofaffin bugu ma ba a yasar da su nan take. Idan facin ba shi da haɗari akan kai shi can. Bugu na 11 ya fito a 2021, gyaransa na ƙarshe kuma, wato 11.5, a 2024.

Idan laifin ba na tafinta ba ne fa?

Ba kowace ƙara ce ke ƙarewa da faci ba. A 2009 an gano wata kafa a Linux, bugu na 2.6.30, wadda mugu zai iya bi ya ƙwace kwamfuta. A harshen C akwai abin da za mu kira manuni, wato suna mai nuna inda wani abu yake ajiye, kuma yana iya zama wofi, bai nuna komai ba. Wanda ya rubuta wannan sashe ya sa layin da ke duba ko manunin wofi ne, sai dai ya riga ya yi amfani da manunin a layin da ke sama. Dokar C ta ce wanda ya yi amfani da manuni wofi ya fita daga kariyar doka, komai na iya faruwa. Sai GCC ya yi lissafinsa a matakin tacewa: tun da an riga an yi amfani da shi, ashe ba wofi ba ne, dubawar ba ta da amfani. Ya cire ta.

Mu a darasin ilimin ma'ana mun san wannan. Wanda ya ce "Audu ya daina shan taba" ya riga ya gaya mana cewa da Audu yana sha, ko da bai furta ba. Tafintan ya ɗauki abin da maganar ta ƙunsa ne, ya yi aiki da shi. A bisa doka bai yi laifi ba. Mutanen Linux suka gyara jerin layukansu, suka kuma riƙa bai wa GCC umarni na musamman cewa kada ya sake cire irin wannan dubawa. Ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba. Tafintan da ya ga mai magana ya yi tuntuɓe, ya kuma yi amfani da tuntuɓen ya taƙaita masa magana ba tare da ya ɗaga gira ba, ya bi doka, amma ba zan so shi a ranar shari'ata ba.

Wani sanannen misali shi ne rahoto mai lamba 323, na shekarar 2000. Tsofaffin injinan Intel suna lissafin lambobi masu ɗigo da gurabe 80 a cikinsu, amma idan za a ajiye amsar sai a rage ta zuwa 64. Saboda haka lissafi ɗaya yana iya ba da amsoshi biyu masu ɗan bambanci. Mutane suka yi ta kawo wannan ƙara da sababbin lambobi, ana ta mayar da su ga 323, ana jayayya a kan ko kuskure ne ma. Sai a bugu na 4.5, a 2010, aka samar da hanyar bin dokar C sak a wannan batu, C++ kuwa sai a bugu na 13, a 2023.

Haruffa masu lanƙwasa

Mu koma ga layin da na kawo a farko. Kalmar "kuɗi" tana da ɗ, kuma GCC na kafin 2020 ba zai karɓe ta a matsayin suna ba. Dokar C ta halatta irin waɗannan haruffa tun 1999, amma GCC yana karɓarsu ne kawai idan an rubuta lambar harafin a tsarin Unicode, wato a rubuta ku\u0257i. Idan aka buga ɗ kai tsaye sai ya ce ya ga baƙon abu a cikin rubutu. Clang ya riga ya warware wannan tun 2013. A GCC an shigar da rahoton a 2015, da lamba 67224, an karɓi facin a 2019, ya kuma isa hannun jama'a a bugu na 10, a watan Mayu na 2020. Ba don Hausa aka yi gyaran ba, domin matsalar ta shafi duk harshen da ke da harafin da Ingilishi ba shi da shi, amma ɓ da ɗ da ƙ sun shiga ta wannan ƙofa, kuma an ajiye gwaje-gwaje a taska domin kada ƙofar ta sake rufewa.

Saura harafi ɗaya. Mu a Nijeriya muna rubuta 'y da ɗan waƙafi a sama, kamar a "'ya'ya". A harshen C wannan alama tana da nata aikin, ita ce ke buɗe harafi guda ta rufe shi, saboda haka suna ba zai iya ɗaukarta ba. Wanda ya kai wa GCC wannan ƙara za a gaya masa cewa dokar harshen ce, ba kuskuren tafinta ba. Amma ƴ mai lanƙwasa, yadda ake rubuta shi a Nijar, harafi ne guda mai lambarsa a Unicode, kuma GCC zai karɓi "ƴaƴa" kamar kowane suna.